Yadda Muka Haɗa Layin Naitirojin da Argon a Tanderun Bakiyum, Daga Takardu Har Buɗe Ƙofa

Duk wanda ya sayo tanderun bakiyum na hannu daga Turai zai tarar injin ya iso da famfunansa da akwatin lantarkinsa, amma ɓangaren gas bai biyo shi ba, domin tanki da bututu na masana'antar da ya baro ne, can ake barinsu. Haka namu ya iso Kano, a wata ƙaramar ma'aikata da ke taurara mazubai da wuƙaƙen yanka na masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa. Ni aka ɗora wa haɗa wannan ɓangare, kuma na rubuta yadda aka bi shi daki-daki don mai zuwa bayana ya huta da kame-kame. Aikin tanderun dai shi ne a zuƙe iskar cikinsa a gasa ƙarfe ba tare da oksijin ya taɓa shi ba, sannan a cika shi da naitirojin ko argon don ƙarfen ya huce da sauri, ya yi tauri, fuskarsa kuma ta fito fes. Wannan cikawar ita ce wurin da kaya ke lalacewa, kuma ita ce wurin da ake rasa rai.

Na fara ne da farantin da ke manne a jikin tanderun, kafin in tuntuɓi kowa. A kansa aka rubuta iyakar matsin da gangar jikin za ta ɗauka, namu bar 6 (bar ma'aunin matsi ne, guda ɗaya ya yi kusan matsin iskar waje). Sai da na koma littafin injin na tabbatar cewa wannan 6 ɗin daga sifilin bakiyum ake ƙirga ta, ma'ana geji na yau da kullum, wanda ke fara lissafi daga matsin iskar waje, zai nuna bar 5 ne kacal idan an kai iyaka. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin wancan ya wuce iyaka da bar guda bai sani ba. Akwai kuma tanderun da sam ba a ƙera su don matsi ba, irin na ɗakunan gwaji masu bututun gilashi ko ƙofar da bakiyum ne kaɗai ke riƙe ta. Waɗannan ana tsayar da cikawa ƙasa da matsin iskar waje. Ƙofar namu faɗinta mita 1.4 ne, kuma a wannan faɗi ƙarin kashi ɗaya cikin goma na bar yana tura ta da nauyin kusan tan ɗaya da rabi. A cikakken matsi abin ya haura tan 70. Da na yi wannan lissafi na daina kallon zoben kulle ƙofar a matsayin ado.

Daga nan sai ofishin masu sayar da gas. Tambayar farko da jami'in ya yi mini ita ce, "Injiniya, wane ƙarfe za ku gasa?" kuma ita ce tambayar da ta dace. Ƙarfen mazubi irin su H13 da D2, da ake kai wa wajen digiri 1,020 zuwa 1,030, naitirojin ya ishe su, ga shi ya fi argon araha nesa ba kusa ba kuma ya fi shi saurin ɗauke zafi. Amma titaniyom da zarkoniyom da tantalom suna shan naitirojin idan sun yi zafi, fuskarsu ta yi launin zinariya ta yi gautsi, don haka su argon ake sa musu. Na nemi gas mai tsarkin kashi 99.999 cikin ɗari, da takardar gwajin kowane rukuni da ke nuna yawan oksijin da danshin da ke ciki. Danshin ana so ya kasance a matakin da raɓa ba za ta kwanta ba sai a digiri 60 ƙasa da sifili, wanda ya yi daidai da wajen kashi 10 cikin miliyan. Sun nemi takardar rajistar kamfani da adireshin wurin, aka cike fom na buɗe asusu. Kuɗin kashi huɗu ne, kuma ya kamata a sa a rubuta kowanne daban: kuɗin gas ɗin kansa, jinginar silinda, hayarta ta wata-wata, da dako. Jinginar ce ta fi cin kuɗi a karon farko. Gas mai wannan tsarki ba ko da yaushe yake a ajiye a Kano ba, sau da yawa daga kudu ake ɗauko shi, saboda haka jiran mota ya shiga lissafin aikinmu tun daga ranar.

Ranar da silindun suka iso na tsaya a kan kowace da kaina, kuma ga dalili. A kasuwarmu launukan silinda tsari biyu ne suka cakuɗe. A tsarin Turai na yanzu kafaɗar silindar naitirojin baƙa ce, ta argon kore mai duhu, ta oksijin fara. A tsohon tsarin Ingila kuwa silindar oksijin ce baƙa, ta argon shuɗiya. Sai ka ga baƙi yana nufin abu biyu da suka saɓa wa juna. Abin da ya ƙara muni shi ne a bakin bawul irin na Ingila zaren ɗaya ne ga oksijin da argon, regileta ɗaya tana ɗaurawa a kan duka biyun ba tare da gardama ba. Oksijin ya shiga tanderun da ke cike da girafait, wato baƙin kabon da aka lulluɓe cikinsa da shi, mai digiri dubu, gobara ce a cikin tukunyar da aka kulle. Don haka rubutun da ke kan lakabi da lambar rukunin da ke kan takarda su nake bi, kuma nakan buɗe kaɗan in ɗora na'urar auna oksijin a bakin regileta, in ga ta faɗi zuwa sifili, kafin silinda ta hau layi. Haka kuma abin da masu walda ke kira argon sau da yawa cakuɗe ne da iskar kabon dayoksaid. A walda yana aiki, a tanderu yana cin girafait yana ɓata fuskar ƙarfe.

Mataki na gaba shi ne tankin ajiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke son rage kuɗi. Cikin tanderunmu mita kubik 3 ne. Cika shi zuwa bar 6 yana cin gas mita kubik 18, silinda mai lita 50 a bar 200 kuwa kusan mita kubik 10 take ɗauka, wato kowace gasawa silinda biyu. Matsalar ba yawan kaɗai ba ce, har da sauri. Ƙarfen mazubi yana bukatar gas ɗin ya shiga cikin daƙiƙoƙi kaɗan, idan ba haka ba ya huce a hankali ya rasa taurinsa. Regiletar silinda ba za ta iya wannan gudu ba, ƙanƙara ma take kamawa idan an matsa mata. Saboda haka silindu suna cika tanki a hankali, tanki kuma ya juye wa tanderu lokaci guda ta babban bututu. Mun ɗauki tanki mai mita kubik 2.5 da ake cikawa zuwa bar 16. Bayan ya ba da 18 ɗin nan yakan sauka zuwa wajen bar 9, har yanzu yana sama da tanderu. Wannan rata wajibi ce, domin matsin biyun na kusantar juna gudun gas ɗin yana mutuwa. Dam ɗin silinda 12, wato silindun da aka haɗa wuri ɗaya, yana ba mu gasawa shida, tunda silinda ta sauko bar 16 ba ta ƙara iya tura komai cikin tanki.

Tanki irin wannan tukunyar matsi ce, kuma dokar masana'antu ta Najeriya ta sa duba irinsa a ƙarƙashin sashen lafiya da tsaron ma'aikata na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mun haɗa zanen tankin, takardar masu ƙera shi, da takardar saita bawul ɗin tsaro, aka sa ranar da mai duba zai zo. Ya auna kaurin jikin tankin, aka cika shi da ruwa aka matsa fiye da matsin aikinsa, aka bar shi ana kallon geji. Da ruwa ake wannan gwaji saboda ruwa ba ya matsuwa, idan tanki ya tsage tsiyaya zai yi, da gas kuwa tarwatsewa zai yi. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne wahalar da ke biyo baya: tankin da aka jiƙa sai an busar da shi sarai, domin duk ɗigon da ya rage zai ƙare a fuskar kayanka. Mun tsiyaye shi, muka hura masa busasshiyar iska mai ɗumi, sannan muka haɗa shi da famfon bakiyum muka bar shi yana ja har gejin ya daina tsayawa a inda tururin ruwa ke riƙe shi. Wannan ya fi jiran mai duba cin lokaci, kuma hankalina bai kwanta ba sai da na ga allurar ta wuce.

Bututun mun yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, wankakke daga maiƙo, aka yi waldarsa ana hura argon ta ciki don kada ƙuna ta taru. Tiyon roba ba shi da wuri a wannan layi, danshi da oksijin suna ratsa shi ko da bai huje ba. An sa bawul ɗin hannu mai wurin rataya kwaɗo kusa da tanki, wani kusa da tanderu, da bawul mai hana komowa. Silindu suna tsaye a rumfa a waje, ɗaure da sarƙa, inda ranar bazara ba ta dukansu. Da aka gama sai gwajin yoyo: a cika layi, a rufe, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, a bar shi ya kwana a duba ko geji ya sauka. Sai wanke layin daga iskar da ke cikinsa. Buɗe gas ya yi ta zuba ba ya fitar da iskar da ta maƙale a lunguna. Abin da ke aiki shi ne a cika zuwa bar 10, a saki zuwa bar 1, a maimaita. Kowane zagaye yana rage oksijin zuwa kashi ɗaya cikin goma na abin da yake. Iskar waje tana da oksijin kashi 209,000 cikin miliyan, zagaye biyar yana mayar da shi wajen 2. Duk lokacin da aka canza dam ɗin silindu sai a yi wa guntun bututun da aka kwance irin wannan wanki.

Kafin a saki gas ko kaɗan cikin ginin, na zauna da jami'in tsaron ma'aikata muka yi lissafin ɗaki. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta kashi 20.9 ne cikin ɗari, kuma ƙasa da 19.5 ana ɗaukar wuri a matsayin mai haɗari. Ɗakin da aka fara niyyar ajiye silindu mita 6 ne a kan 5, tsayi 3.5, wato mita kubik 105. Silinda ɗaya tak ta zube a ciki, oksijin ya koma 18.9. Zauren tanderun mita kubik 400 ne, amma tankin yana riƙe da 40, idan ya juye a ciki sakamakon kusan ɗaya ne. Wannan ma idan gas ɗin ya gauraya daidai ke nan, alhali kusa da wurin yoyon abin ya fi haka muni sosai. Naitirojin da argon ba su da wari, ba su da launi, ba sa sa tari. Jikin mutum kuma ba ƙarancin oksijin ne ke sa shi jin shaƙewa ba, taruwar kabon dayoksaid ce, ita kuwa tana ci gaba da fita yadda ta saba. Mutum yana numfashi lafiya lau har ya yanke jiki ya faɗi. A wajen kashi 16 tunani da tafiya sun fara rikicewa, ƙasa da 10 suma ce, a cikin zallan gas kuwa shaƙa ɗaya ko biyu ta isa. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta ƙirga mutum 80 da naitirojin ya kashe a wuraren aiki tsakanin 1992 da 2002, kuma a watan Janairun 2021 ruwan naitirojin ya kashe ma'aikata shida a wata masana'antar kaji a Gainesville ta jihar Jojiya. Waɗannan wurare ne masu dokoki da kayan aiki. Na karanta wa yaran shagon waɗannan alƙaluma da bakina, domin wanda ya saba da gas ɗin girki yana zaton duk gas mai kisa yana da wari.

Abin da ya fito daga zaman shi ne tanki da silindu duka a waje, sannan bututun sakin gas na tanderu da na hayaƙin famfuna su bi ta rufi su fita sama, nesa da taga. An kafa na'urorin auna oksijin masu ƙararrawa guda biyu. Ɗaya a daidai tsayin hanci kusa da ƙofar tanderu saboda naitirojin, wanda nauyinsa kusan ɗaya da iska, yana gauraya da ita. Ɗayar a ƙasa, cikin ramin da famfuna da bututun ruwa suke, saboda argon ya fi iska nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari, yana gangarawa ya kwanta a rami kamar ruwan sama a kududdufi, ya daɗe a wurin. Fankar da ke zuƙe iskar ramin bakinta a ƙasa yake. Ƙararrawa ta farko a 19.5, ta biyu a 18, da fitila a wajen ƙofar zauren don mai shigowa ya gani kafin ya taka. Ƙwayar da ke cikin irin waɗannan na'urori tana mutuwa a hankali, galibi cikin kamar shekara biyu, don haka an rubuta ranar canza ta a jikinta.

Sai muka juya kan tanderun kansa, domin gas mai tsarki ba ya amfani a tukunya mai yoyo. Aka ja bakiyum da famfon farko da na Roots mai ƙara masa ƙarfin ja, sannan famfon tururin mai da ke kai bakiyum zurfi, aka rufe duk bawuloli, aka zuba wa geji ido na awa guda. Ga aikin mazubi ana so hauhawar matsi kada ta wuce maikiron 20 a awa, wato wajen milibar 0.027 (milibar kashi ɗaya ne cikin dubu na bar), masu kayan jirgin sama kuma suna neman ƙasa da haka sosai. Namu ya zarce. Yadda lambar ke hawa ita ke faɗin ciwon: idan tana hawa bai ɗaya ba sassauci, huji ne, idan ta yi sauri da farko sannan ta lafa, danshi ne ke fita daga bargon girafait. Mu duka biyun muka samu. Tanderun ya sha iskar teku a hanya, sannan a zoben robar ƙofa, wajen ƙasa, akwai wani ɗan tsagi da bai kai tsawon farce ba, cike da jar ƙurar hunturu da ta manne da tsohon man shafawa. Aka canza zoben, aka goge mazauninsa da ƙyalle mara gashi, aka shafa man bakiyum siriri, iya wanda zai sa shi sheƙi. Danshin kuma aka kore shi da gasa tanderun babu kaya, digiri 50 sama da zafin aikinsa, na tsawon sa'o'i. A gwaji na gaba ya shiga iyaka.

Cikawar farko a sanyi aka yi ta, babu kaya, zuwa milibar 800 kawai, ina tsaye da jerin matakai a hannu ina sauraron ƙarar kowane bawul. Jerin ba ya canzawa. A kashe wutar gasawa tukuna, domin a tsakanin bakiyum da cikakken matsi akwai yankin da lantarki ke tsallakawa cikin gas, musamman argon, ya ƙone sandunan zafi da mariƙansu. A rufe babban bawul ɗin famfon tururin mai, a jira alamar da ke tabbatar da ya rufu, domin guguwar gas tana watsa tafasasshen man cikin tanderu, idan kuma iska ce ta same shi yana iya kamawa. A rufe bawul ɗin famfon farko. A kashe gejin Penning, mai auna zurfin bakiyum. Sannan ne bawul ɗin cikawa zai buɗe. Fankar sanyaya ba ta tashi sai matsi ya kai abin da masu injin suka sa, namu milibar 800, saboda motar da ta tashi cikin bakiyum wayoyinta suna tartsatsi su ƙone. Kowane ɗayan waɗannan yana da makullin da ke hana na gaba aiki idan na baya bai cika ba, kuma mun gwada su ɗaya-ɗaya ta hanyar cire wayar alamar mu ga ko injin zai ƙi ci gaba. A injin hannu wannan gwaji dole ne, domin a akwatin namu mun tarar da wata 'yar waya da wani ya tsallake makullin fanka da ita tun can inda ya baro. Bayan haka aka riƙa ƙara matsi bar ɗaya-ɗaya har 6, kowa yana gefe, babu mai tsayawa saitin ƙofa.

Da aka zo gwajin argon na tara masu aikin don su ga abin da geji ke yi. Gejin Pirani ba matsi yake aunawa kai tsaye ba, yana auna yadda gas ke ɗauke zafi daga wata siririyar waya ne, kuma da naitirojin aka saita shi. Argon ba ya ɗauke zafi kamar naitirojin, don haka gejin yana nuna ƙasa da gaskiya. A wani sanannen nau'insa, idan argon ya kai cikakken matsin iskar waje, abin da yake nunawa bai wuce milibar 30 da ɗoriya ba. Muna kallo allurar gejin ƙarfe ta kai sifilinta, wato tanderu ya cika, shi kuwa Pirani yana cewa da sauran tafiya mai nisa. Wanda ke cikawa da hannu yana jiran Pirani ya nuna 1,000 ba zai taɓa gani ba, zai yi ta tura gas har wani abu ya fashe. Da hiliyom kuma akasin haka yake yi. Saboda wannan, abin da ke yanke cikawa dole ya zama geji mai auna matsi da faifai, wanda bai damu da irin gas ba, kuma a bayansa akwai bawul ɗin tsaro da ba shi da wani bawul tsakaninsa da tanderu. Mun kuma lura motar fanka tana jan wuta fiye da da, saboda nauyin argon, sai aka rage iyakar matsinsa.

Akwai gwajin da littafin injin bai ba muhimmanci ba amma a nan shi ne kan gaba: ɗaukewar wuta. Mun kashe babban makunni da gangan tanderu yana ɗumi. Bawulolin bakiyum duka sun rufe da kansu da ƙarfin sifirin, yadda ya kamata. Ruwan sanyaya jikin tanderu ne abin tsoro, domin idan ya tsaya zoben roba yana narkewa iska ta shiga kan girafait mai zafi. An ɗora tankin ruwa a sama mai gangarowa da kansa, da bawul mai buɗewa idan wuta ta yanke. Kwamfutar injin da ƙararrawar oksijin an sa su a kan batir. Fankar ramin kuwa tana mutuwa tare da wuta, daidai lokacin da mutane ke rububin shiga duba famfo da tocila, don haka doka ce babu mai sauka ramin sai janareta ya tashi kuma na'ura ta nuna 20.9.

Gasawar farko da kaya ta tafi yadda aka tsara. Sama da digiri 900 aka saki naitirojin kaɗan, ƙasa da milibar ɗaya, domin a zurfin bakiyum kuromiyom, sinadarin da ke cikin ƙarfen, yana tashi daga fuskarsa ya bar ta da kaushi. Da lokaci ya cika, wuta ta yanke, bawuloli suka bi jerinsu, tanki ya juye da ƙara mai firgita wanda bai saba ba. Gas mai sanyi yana kumbura idan ya taɓa zafi, shi ya sa matsi yake ɗan zarce inda aka sa shi, kuma shi ya sa ake saita cikawa ƙasa da iyakar faranti. Yayin da kaya ke hucewa gas ɗin yana tsukewa, bawul ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba mu saki ba sai da ma'aunin da ke cikin kaya ya sauko ƙasa da digiri 70. Girafait yana fara ci a iska tun wajen digiri 400, ƙarfe kuma yana canza launi ƙasa da haka.

Buɗe ƙofa yana da nasa jerin. Fankar sanyaya ta tsaya, a rufe bawul ɗin hannu na gas, a saki matsi ta bututun rufi, a buɗe ƙaramin bawul mai daidaita ciki da waje, a ga geji biyu sun yarda da juna. A nan akwai abin da ya shafi inda muke: Kano tana kusan mita 480 sama da teku, matsin iskarmu wajen milibar 960 ne, ba 1,013 ba. Injin da aka saita a bakin teku ya saki kulle a 1,013 zai saki ƙofa da ragowar matsi a bayanta, mai nauyin ɗaruruwan kilo. A Jos ratar ta fi haka. An sauya saitin ya riƙa kwatanta ciki da waje kai tsaye. Ko bayan an daidaita, cikin tanderun zallan naitirojin ne mita kubik 3. Ana buɗe ƙofa kaɗan daga gefen maratayinta, a ja da baya, a bar fankar zuƙe iska ta yi aikinta, kuma ba a leƙa kai ciki don ganin yadda kaya suka fito, ko da son ganin ya kai ina.

Kayan su ne alƙalan aikin. Mukan sa guntun ƙarfe mara tsatsa mai sheƙi a kowace gasawa. Ya fito fari tas, layi lafiya. Ruwan ƙasa-ƙasa ko shuɗi yana nufin oksijin ya shiga lokacin hucewa, sai a duba mahaɗar da aka taɓa ta ƙarshe, yawanci wajen canza silinda. Kore-kore alamar danshi ce, kuma da damina ta fi yawa, shi ya sa ba ma barin ƙofa a buɗe fiye da lokacin loda kaya, kuma tanderu yana kwana a cikin bakiyum. Idan gwajin yoyo ya yi kyau amma launi ya ɓaci, laifin yana layin gas ko bututun ruwan da ke cikin na'urar ɗauke zafi, wanda wani lokaci ba ya tsiyaya sai ya yi zafi.

Da zan sake bin wannan hanya a wani wuri, da na'urar auna oksijin da bututun rufi zan fara kashe kuɗi, kafin silinda ko ɗaya ta shigo harabar, domin su ne mafi araha a duk jerin kuma su ake bari sai ƙarshe. Zan nemi takardar gwajin gas tun a zaman farko, in kuma yi odar dam na biyu kafin na farko ya kai rabi. Zan ɗauka duk injin hannu an taɓa makullansa har sai na gwada. Littafin aiki kuma a riƙa rubuta sakamakon gwajin yoyo kowane mako da lambar rukunin gas na kowace gasawa, don ranar da launi ya ɓaci a san inda za a fara nema.

Shiga cikin tanderu don canza sandar zafi shi ne aikin da na fi tsananta wa. Rufe bawul daga kwamfuta ba ya wadatarwa, bawul yana yoyo. Ana rufe na hannu biyu, mai shiga ya sa kwaɗonsa ya riƙe mabuɗin a aljihunsa, a saki gas ɗin da ke tsakaninsu, idan aikin zai daɗe a kwance bututun a toshe bakinsa. A hura iska da fanka, a auna oksijin a gaba da tsakiya da can ƙarshe, sama da ƙasa, da na'ura a kan sanda. Mai shiga yana rataye da tasa na'urar a ƙirji, wani yana tsaye a waje ba ya matsawa, kuma akwai takardar izini mai sa hannu. Na tsaye a waje an gaya masa abin da zai yi idan ɗan'uwansa ya faɗi, kuma shi ne abu mafi wuya a koya wa mutumin kirki: kada ya bi shi ciki. Riƙe numfashi ba ya ceto, ƙyallen hanci da abin tace ƙura ba sa ƙara oksijin. Ya buga ƙararrawa, ya kunna fanka, ya jawo shi da igiyar da ke ɗaure a ɗamararsa tun kafin ya shiga. Wanda zai shiga ɗauko mutum sai mai goye da tukunyar iskar shaƙa, kuma an ajiye ta a bakin zauren, ba a sito ba.